Kallo Ya Koma Ƙasa

Hausawa kan ce kallo ya koma sama idan abin mamaki ya auku, kamar ranar da aka ce shaho ya ɗauki giwa. Tun da aka ƙera jirgin sama kuwa, duk mai son ganinsa sai ya ɗaga kai. Amma akwai wani hoto da ya yi wata takwas a fuskar wayata, wanda a cikinsa al'amarin ya juye: mai ɗaukar hoton ne a sama, jirgin yana ƙasa da shi. Jirgin yaƙi ne samfurin F-15, mai launin toka, ya karkata a kan fiffike ɗaya yana ratsa wani kwari mai korayen ciyayi. Ana ganin gadon bayansa gaba ɗaya, ana ganin hulunan kwanon matuƙansa biyu ta cikin gilashi, ga wani farin tururi ya lulluɓe fikafikansa kamar an yafa masa mayafi. Can ƙasa akwai katangar duwatsu irin ta makiyaya, da wasu fararen ɗigo-ɗigo waɗanda sai daga baya na gane tumaki ne.

An ɗauki hoton a yankin Wales na Birtaniya, a wasu kwaruruka da ke tsakanin garin Dolgellau da garin Machynlleth. Masu sha'awar jirage suna kiran wurin Mach Loop. Da farko na zaci sunan daga ma'aunin gudun sauti aka ɗauko shi, ashe gutsuren sunan garin Machynlleth ne kawai. Babban dutsen da ke kallon wurin sunansa Cadair Idris, wato kujerar Idris, kuma kada mai karatu ya yi saurin murna kamar yadda na yi, domin wannan Idris ɗin wani ƙato ne na tatsuniyoyin mutanen ƙasar. A nan ne sojojin saman Birtaniya, da na Amurka masu sansani a Ingila, suke koyon tafiya ƙasa-ƙasa. Dokar wurin ta yarda jirgi mai gudu ya sauko har ƙafa 250 daga ƙasa, wato mita 76 ko kusa da haka, yana gudun da ya kai kimanin kilomita 800 a awa. Saboda haka wanda ya hau gefen dutse ya wuce wannan tsayi, sai jirgin ya bi ta gabansa ko ta ƙarƙashinsa.

Wannan ya haifar da wata sana'a. Akwai masu shirya tafiye-tafiye na mutum kaɗan, waɗanda mota ɗaya ko biyu za ta kwashe, tare da jagora wanda ya san gangaren da ya fi dacewa da hasken safe da wanda ya fi dacewa da na yamma. Sukan hau dutse tun da sassafe, ɗauke da kyamarori masu dogayen gilasai masu jawo nesa kusa, da rigunan ruwa, da shayi a fulas. Wasu na riƙe da 'yar rediyo suna sauraren maganar matuƙa. Babu wanda ya yi musu alkawarin komai. Mutum na iya wuni cikin sanyi da yayyafi ya sauko bai ga ko tsuntsu ba. Idan kuwa jirgi ya zo, daƙiƙu kaɗan ne tsakanin ɓullowarsa da ɓacewarsa, kuma a cikinsu ne mai hoto zai bi shi da kyamara, hannu bai yi rawa ba, har jirgin ya fito tar, dutsen da ke bayansa ya zama kamar an shafe shi da tafin hannu. Ban raina wannan gwaninta ba, kuma ba na son a karanta abin da zai biyo baya da zaton na raina ta. Haƙuri ne irin na maharbi, da nutsuwa irin ta mai ɗinkin hula.

Ni ban taɓa taka Wales ba. A Kaduna na tashi, inda ƙarar jirgin soja ba baƙuwa ba ce, kuma ina cikin yaran da ke fitowa da gudu su ɗaga wa jirgi hannu. Hoton ya zauna a wayata ne don ya yi mini kyau, ba don wani dalili da ya wuce wannan ba. Ranar da aka tayar mini da tambaya kuwa, ba malamin falsafa ne ya tayar da ita ba. Ƙanwar mahaifina ce, wadda ta baro ƙauyensu a Zamfara ta dawo gidanmu bayan hare-haren 'yan bindiga sun hana su noma. Ta karɓi wayata za ta kira 'yarta, sai ta tsaya tana duban hoton.

"Ɗan nan, wannan ba jirgin yaƙi ba ne?"

Na ce, "Shi ne, Gwaggo. A ƙasar Turawa aka ɗauka."

Ta ƙara matso da wayar kusa da idonta. "To ina mutanen garin suka shiga?"

Na yi mata bayani cewa ba yaƙi ake yi ba, atisaye ne, kuma mutane har kuɗi suke biya su je kallo. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta taɓa ganin bayan jirgi ba, cikinsa kaɗai ta sani. Ta danna lambar 'yarta, zancen ya wuce a wurinta. A wurina bai wuce ba.

Tambayar da ta bar mini ita ce: shin ya halatta ga mai hankali ya ji daɗin kyan abin da aka ƙera don kisa? Idan kuma ya halatta, da wane sharaɗi?

Amsa mafi sauƙi ita ce a ce kyan ƙarya ne, ruɗi ne da masu sayar da makamai suka cusa mana. Na gwada wannan amsa, ba ta zauna mini ba, domin idona bai yarda da ita ba. Jirgin yana da kyau. Siffarsa ba mai zane ne ya zaɓe ta don ado ba, iska ce ta tilasta ta, kamar yadda ruwa ya tilasta wa kifi tasa siffar. Farin tururin nan ma ba hayaƙi ba ne: idan jirgi ya yi kwana mai tsanani, matsin iskar da ke saman fiffikensa yakan faɗi farat ɗaya, sai danshin da ke cikinta ya zama gajimare na ƙiftawar ido. Wanda ya ce wannan ba shi da kyau, ko dai bai duba ba, ko kuma yana tsoron abin da zai biyo bayan amincewarsa. Ɗabi'ar kirki da aka gina a kan ƙaryata ido ba za ta daɗe a tsaye ba.

Wani masani ɗan ƙasar Ailan, Edmund Burke, ya rubuta littafi a 1757 inda ya raba kyau gida biyu. Akwai kyan da ke kwantar da rai, irin na fure. Akwai kuma wani abu mai girma da ban tsoro, irin na tsawa ko ambaliya, wanda kan ba mutum wani irin daɗi idan yana kallonsa daga inda ba zai taɓa shi ba. A ganinsa asalin wannan daɗi tsoro ne da tazara ta tace. Ina ganin babu bayanin da ya fi wannan dacewa da abin da ke kai mutum kan dutse cikin sanyi. Ba hoton kaɗai yake nema ba. Yana neman ƙarar da za ta girgiza masa ƙirji, yana kuma da tabbacin cewa ƙarar za ta wuce ta bar shi da ransa.

Mu ma ba baƙin wannan sha'awa ba ne, kuma a nan ne na fi daɗewa ina kai-kawo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wasu Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina ranar idi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa har sai da ta gaji don kanta. Mashi makami ne, amma ba a hana kallon gwanintar masu riƙe da shi ba. Sannan duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san abin da nake nufi. Me muke kallo in ba rundunar yaƙi ba? 'Yan lifidi da 'yan sulke, 'yan baka da 'yan bindiga, kowane rukuni matsayinsa ne na fagen fama. Jahi kuwa, lokacin da mahaya ke sako dawakai a guje sai sun zo gaban sarki su ja linzami su ɗaga hannu, hari ne da aka cire wa ƙarshe. Muna tafi, muna guɗa, muna ɗaukar hoto, har hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Idan zan zargi Baturen da ke kan dutsen Wales, sai na fara da kaina a cikin taron sallah.

Da a nan zancen ya tsaya, da na mayar da hoton wurinsa na yi barci. Amma akwai bambanci, kuma ba ƙarami ba ne. A watan Fabrairun 1903 Kano ta faɗa hannun Turawa, kuma daga shekarun nan ne dokin yaƙi ya fara zama dokin ado. Takobin da ke rataye a kafaɗar hakimi ranar sallah ya yi ritaya. Babu ƙauyen da zai kwana da fargabarsa. A watan Disamba na wannan shekarar ta 1903 ne 'yan'uwan nan biyu, su Wright, suka tashi jirginsu na farko a Amurka. Shekara takwas kacal bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba 1911, wani matuƙi ɗan Italiya mai suna Giulio Gavotti ya jefa gurneti daga jirgi a kusa da Tarabulus ta Libiya. Wato bam na farko da ya faɗo daga jirgin sama, a ƙasar Afirka ya faɗo. Makamin da ya yi ritaya da makamin da ke bakin aiki ba su zama ɗaya ba a wurin mai kallo, ko da kuwa ido ba ya iya raba su.

Jiragen da ke ratsa kwarin Wales suna bakin aiki. Dalilin tafiyarsu ƙasa-ƙasa ma ba ɓoyayye ba ne: na'urar rada a miƙe take gani, dutse kuma yana tare ta, don haka jirgin da ya bi cikin kwari zai iya isa inda aka aike shi ba a ankara ba. Wannan karkatawar da ta ba ni sha'awa, darasi ne na yadda ake zuwa wa mutane ba su shirya ba. Daga sansanin Lakenheath, inda jiragen F-15 na Amurka suke zaune, daga nan ne jiragen F-111 suka tashi a watan Afrilun 1986 suka kai hari Tarabulus. Samfurin Typhoon da masu hoto ke murnar kamawa ya yi aiki a Libiya a 2011, kuma irinsa na cikin jiragen da Saudiyya ta yi amfani da su a yaƙin Yaman tun daga 2015. Ko ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai suna Hawk, wato shaho, bai tsira ba: a 1996 wasu mata a Birtaniya sun farfasa ɗaya da guduma a masana'antarsa don kada a kai shi Indunusiya, suna masu cewa za a yi amfani da shi kan mutanen Timo ta Gabas, kuma masu taya alƙali yanke hukunci a Liverpool suka wanke su. Sunayen jiragen kansu ba su ɓoye komai ba. Shaho, gaggafa, zirnaƙo, guguwa. Mu ne muke jin sunan mu tuna tashi, mu manta farauta.

To, a nan maganar Gwaggo ta dawo mini da nauyinta. Ita cikin jirgi ta sani, mai hoto kuma bayansa ya sani. Ba ra'ayi ne ya raba su ba, wurin tsayuwa ne. Tazarar da Burke ya ce ita ke mayar da tsoro daɗi ba a raba ta daidai tsakanin 'yan Adam ba. Wani an haife shi a inda ƙarar jirgi ke nufin ranar hutu, wani a inda take nufin a kwashi yara a shige ɗaki. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin soja ya jefa bama-bamai bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira da ke Rann a jihar Borno, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kusan mutum 90 ne suka rasu. Ranar 3 ga Disamba 2023 kuma jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga inda nake zaune ina sha'awar hotona. Ba jiragen Wales ne suka yi wannan ba, kuma ba zan ɗora wa mai kyamara jinin da bai zubar ba. Abin da nake faɗa shi ne, abu ɗaya ne ake gani ta fuska biyu, kuma hoton da ya fi kyau shi ne wanda aka ɗauka daga fuskar da mafi yawan waɗanda jirgin yaƙi ya shafa ba za su taɓa tsayawa ba.

Kowane hoto yankewa ne. Mai ɗauka yana zaɓen abin da zai shiga, sauran duniya ta tsaya a waje. Wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Sai dai a wannan nau'in hoto, abin da ake yankewa kullum iri ɗaya ne. Ana barin dutse, ana barin gajimare, ana barin tumaki, ana yanke dalilin da ya sa aka ƙera jirgin. Idan hoto ɗaya ya yi haka, zaɓi ne. Idan dubbai suka yi haka shekara da shekaru, ya zama tarbiyyar ido. Yaro zai tashi ya san saurin kowane samfuri da ƙarfin injinsa, bai taɓa tambayar me ake ratayawa a ƙarƙashin fiffiken ba. Wannan ne abin da nake tsoro, kuma a kaina na fara ganinsa, tunda wata takwas ina buɗe waya sau ɗari a rana ban tambaya ba. An taɓa yin mutanen da suka kai wannan sha'awa ƙarshenta. Marinetti, mawaƙin Italiya, ya fitar da wata sanarwa a 1909 yana ɗaukaka gudu da injuna da yaƙi kansa, daga baya ya zama na hannun daman mulkin Musolini. Ba na cewa duk mai son jirgi can ya nufa. Ina cewa hanyar tana nan, an kuma taɓa binta.

Akwai wuraren da suka sa na sassauta hukuncina, akwai kuma wanda ya ƙara tsananta shi. A Axalp ta ƙasar Suwizalan, sama da mita 2,000 a kan tsaunuka, sojojin saman ƙasar kan yi harbi da harsashi na gaske kan alamun da aka kafa a jikin dutse, jama'a kuma su hau da ƙafa su yi kallo. Ƙasar ba ta shiga yaƙi da wata ƙasa ba tun 1815, don haka mai kallo a can zai iya cewa jirgin da ke gabansa bai taɓa kashe kowa a ƙasar wani ba, kuma gaskiyarsa ne. A Kalifoniya kuwa akwai wani kwazazzabo mai suna Rainbow Canyon, inda a da masu hoto kan tsaya a baki jirage na bi ta ƙasansu. Ranar 31 ga Yuli 2019 wani jirgin F/A-18 na sojan ruwan Amurka ya daki bangon kwazazzabon, matuƙin ya mutu, 'yan kallo bakwai suka ji rauni. Ranar nan tazarar ta rushe, waɗanda suka zo kallon haɗari daga nesa suka tsinci kansu a cikinsa.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a narkar da jiragen duniya a yi garemani da su. Gwaggon da ta tayar mini da hankali ita ce kuma ta gaya mini cewa akwai daren da babu abin da suka roƙa kamar su ji ƙarar jirgi, domin idan ya zo 'yan bindiga kan watse. Ta ce har addu'a suke yi wa matuƙin da ba su sani ba. Ga wanda aka kewaye ƙauyensa, jirgin yaƙi rahama ne, kuma matuƙin da ya ƙware a atisaye ya fi wanda bai ƙware ba rage kuskure. Saboda haka ba zan iya cewa jirgin sharri ne zalla ba, kamar yadda ba zan iya cewa ado ne zalla ba. Gwaggo tana riƙe da duka biyun a zuciya ɗaya, tsoro da fata, ba tare da ta karanta Burke ba. Abin da ba ta da shi, wanda ni da mai hoton muke da shi, shi ne damar kallon jirgi ba tare da jin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Inda na tsaya ke nan. Ban ga laifi ga mutumin da ya tara kuɗinsa ya hau dutse don ya ga abin da hannun ɗan Adam ya iya ƙerawa ba, kuma idan aka ba ni kujera a motarsu gobe, ina jin zan shiga. Amma daɗin da zan ji a can ba kyauta ba ne, wasu ne suka biya shi da rashin irin tazarata. Mafi ƙarancin abin da ke kaina shi ne in san sunan abin da nake kallo, da aikinsa, da inda irinsa ya je, in kuma bar wannan sanin ya rage mini daɗin gwargwadon yadda ya kamata ya rage. Wanda ya ce sanin zai ɓata masa kallo, ya riga ya amsa cewa kallon nasa a kan rashin sani ya dogara. Wannan mutumin ne kaɗai nake da ja da shi, kuma wata takwas ni ne shi.

Hoton yana nan a wayata, sai dai na sauke shi daga fuskarta na mayar da shi cikin sauran hotuna, inda sai na neme shi zan gan shi. Kwanakin baya wasu jirage biyu suka ratsa samaniyar unguwarmu da hantsi, ƙasa-ƙasa, har kwanon rufi ya amsa. Yaran gidanmu suka yi waje da gudu suna tsalle suna ɗaga hannu. Gwaggo tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ajiye farantin a hankali, ta kira ƙaramar jikarta da sunanta sau biyu, ta riƙe hannunta har ƙarar ta ɓace, sannan ta sake ta ta ci gaba da tsintar shinkafarta.